Iya da Dabbobin Daina So

“…ya gajiya kuma? Ya ƙarfin jiki, amaryata?”

“Jiki da sauƙi, kafin ka shigo,” in ji Iya. “Tuɓe takalmin nan a waje, kada ka kwaso mana garin alli.”

Ni ina gefe ina ninke kayan wanki, na ce a raina to, an fara. Iya mahaifiyata ce, ni ce autarta, ni kuma ke zaune da ita. Mai gaisuwar jikanta ne, ɗan babban yayanmu, malamin firamare. Tun yana rarrafe take ce masa mijinta, da ya fara koyarwa kuma ta laƙaba masa Malam Alli. In su biyun nan suka haɗu, mai hankali matsawa gefe yake yi.

Iya tela ce, da keken ɗinkin da ke kusurwar ɗakin nan ta raine mu. Sai yanar ido ta rufe mata gani, ta ajiye ɗinki shekara da shekaru. Malam Alli ne ya tsaya kai da fata, ya yi ta jigila da ita asibiti har aka yi mata aiki, ido ya buɗe tar. Yanzu ƙuda in ya sauka a bakin kofi ita ke riga kowa gani. Amma keken nan ko murfinsa ta ƙi ɗagawa. Ƙarshenta ma da kanta ta aika wa mai gyaran keke, wai ya zo yau da la'asar ya ɗauke shi, ya ba duk wanda ya ga dama. Na yi magana har bakina ya gaji. Wallahi taurin kan Iya, in ka buga ƙusa a kansa lanƙwashewa za ta yi. Shi ya sa na lallaɓa na kira jikan nata a waya, ga shi ya iso da ƙatuwar jaka a kafaɗa.

“Me ka ƙunso a jakar nan?” in ji Iya. “In toshi ne ka makara, na samu wanda ya fi ka.”

“Wa zai kwashe ki? Ni ma tausayi ne ya hana ni gudu. Aiki na kawo miki. Dainoso.”

Ta gyara zaman tabarau. “Ka ce me?”

“Dainoso.”

“Daina so! Auta, kin ji da kunnenki ko? Ya wanko ƙafa tun daga makaranta don ya gaya min ya daina so. To yaushe ka fara, ɗan nema? Mijin da ko sabulu bai taɓa saya min ba!”

“Ba daina so ba, Iya. Dai-no-so. Wasu dabbobi ne da suka rayu a duniya tun kafin mutum. Sun ƙare fiye da shekara miliyan sittin da suka wuce.”

“Miliyan sittin. Kai ka ƙirga?”

“A'a, ke na zo tambaya, tunda tare kuka yi ƙuruciya.”

“Kul! Ubanka ma bai isa ba.” Ta rarumi mafici ta kai masa duka, ya goce. “In babu mutum a lokacin, wa ya gan su ya ba ka labari?”

“Ƙasusuwansu ake tonowa, sun zama dutse. Har ƙwansu an samu, don ƙwai suke yi. Mako mai zuwa zan koya wa 'yan ajina, ga littafi ɗaya tak, hoton kuma bai fi tafin hannu ba. Na baya ba sa ganin komai. Shi ne na ce bari in sa a ɗinka min su da ƙyalle, a cusa auduga, yara su riƙa da hannunsu.”

“Teloli sun ƙare a gari?”

“Da tsohuwar zuma ake magani.”

“Tsohuwar zumar ta daskare. Nuna min hoton dai in ga ƙaryar da kuke ɗura wa 'ya'yan mutane.”

Ya zauna a bakin tabarma ya buɗe littafin a kan gwiwarta. Na ajiye ninki na matso, don ni ma ban taɓa tsayawa na dube su da kyau ba.

“Wannan sunansa Birakiyosoros.”

“Allah ya raba mu da shi. Wa ya raɗa masa?”

“Masana. Dubi wuyan. In ya miƙe, kansa zai kai bene hawa huɗu. Ƙafafunsa na gaba sun fi na baya tsawo. Duk girman nan kuwa ganye kawai yake ci.”

“Dogo, ƙaramin kai, ga ci ba ƙoshi. Auta, duba min, ba mijina ba ne wannan?”

“Goggo, kada ki shiga,” in ji shi. “Tsakanin miji da mata sai Allah.” Ya buɗe gaba. “Ga sarkinsu, Tiranosoros. Shi nama yake ci. Haƙorinsa ɗaya ya kusa tsawon almakashinki. Da ƙafa biyu yake tafiya.”

Iya ta kai fuska kusa. “Waɗannan 'yan abubuwan da ke lilo a ƙirjinsa fa?”

“Hannuwansa ne. Yatsa bibbiyu.”

Ta fashe da dariya har da buga cinya. “Ƙaton baki, gajeren hannu! Ai na san zuriyar nan. Bakin ya kai ko'ina, hannun bai kai aljihu ba. Malam Alli, ashe gado ka yi.”

“In gado ne, ta wajen kaka na samo bakin.”

“Karambanin akuya, gai da kura. Buɗe gaba.”

“Wannan Tiraseratos. Ƙaho uku, biyu a goshi ɗaya a hanci. Ga wani faffaɗan ƙashi ya zagaye bayan kansa, bakinsa kuma irin na aku. Shi ma ganye yake ci, amma ko sarkin nasu sai ya yi shawara kafin ya tunkare shi.”

“Yauwa, wannan ya yi min. Ba ya neman kowa da faɗa, ba ya kuma gudu. Wannan mace ce.”

“Ina kika ga alama?”

“Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.”

“Babbar da sai da na kai ta aka wanke mata ido?”

“Da na san abin da zan fara gani ke nan,” ta nuna fuskarsa da mafici, “da na ce likita ya mayar min da yanata.”

Dariya ta ƙwace min. Shi kuwa ya dafe ƙirji kamar an soke shi, sannan ya juya shafi.

“Sitegosoros. Kin ga farantai jere biyu a gadon bayansa, ga tsinkaye huɗu a wutsiya. Jikinsa ya kai babbar mota, ƙwaƙwalwarsa kuwa ba ta fi lemon tsami ba.”

“Shi ne malamin makarantarsu ke nan.”

“Na ji. Abin mamaki, shi da mai gajeren hannun nan ba su taɓa haɗuwa ba. Zamanin da ke tsakaninsu ya fi wanda ke tsakanin mai gajeren hannu da mu.”

“To me ya sa aka zana su a littafi ɗaya kamar 'yan gida ɗaya?”

“Ni da ke ma ai hoto ɗaya muke shiga.”

Mafici ya same shi a ƙeya wannan karon. Ya sosa wurin ya ci gaba, ya nuna mata Ankilosoros, wanda bayansa duk sulke ne na ƙashi, wutsiyarsa kuma ta ƙare da dunƙule kamar kulki. Iya ta ce wannan ɗan sandansu ne, a wuce. Sai suka iso kan wani ɗan ƙarami.

“Belosirafta. Bai fi talotalo girma ba. Gashin tsuntsu ne a jikinsa, ga ƙumba ɗaya a kowace ƙafa, lanƙwasasshiya kamar lauje.”

“Kai, tsaya. Ɗazu ka ce bene hawa huɗu, yanzu ka ce talotalo. Ka tsayar da ƙaryarka wuri ɗaya.”

“Iri-iri ne, Iya, manya da ƙanana. Kuma daga dangin masu gashin nan tsuntsaye suka fito. Kazar da kike kora daga bakin ƙofa jikarsu ce.”

“Kaza?”

“Kaza.”

Iya ta gyaɗa kai. “To ai biri ya yi kama da mutum. Na daɗe ina cewa kallon da kaza ke yi wa mutum ba na ƙaramar halitta ba ne. Ta san daga inda ta faɗo.” Ta shafa hoton da yatsa. “Wane launi ne su?”

“Yawancinsu ba wanda ya sani tabbas, ƙashi ba ya nuna launi. Kin ga duk ƙyallen da ke cikin buhun nan naki zai yi. Ko mai fure ne, ba wanda zai ce kin yi ƙarya.”

Na ga idonta ya tafi kan buhun ƙyallayen da ke jingine da keke, ta yi maza ta ɗauke.

“Me ya kashe su?” ta tambaya. “Ko su ma jikoki suka haifa?”

“Masana sun ce wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sama. Ƙura da hayaƙi suka tashi suka rufe rana. Duniya ta yi duhu, tsirrai suka mutu, masu cin ganye suka bi, masu cin nama suka bi su.”

“Rana tana nan, amma ba a ganinta.”

“Haka ne.”

“Na san wannan,” in ji Iya, a hankali.

Malam Alli ya rufe littafin ya ajiye. Ban taɓa jin ya yi mata magana da irin muryar nan ba.

“Iya, ni fa a ɗakin nan daina so ɗaya nake gani, kuma ba a littafi take ba. Keken da kika ciyar da ubana da shi, yau kin ce a zo a ɗauka kamar tsohuwar kujera. Ido ya buɗe. Me ya rage? Ko dai ke ce kika daina so?”

Na ɗauka mafici zai sake tashi. Sai ta ajiye shi a ƙasa.

“Ban daina ba,” ta ce. “Tsoro nake ji. Ganin ƙuda daban, ganin kafar allura daban. Ka yi ta ɗawainiya da ni, ka bar ajinka, ka bi layi rana tana dukanka, ka riƙe hannuna kamar makauniyar da nake. Kullum ina gode wa Allah, ina gode maka, ko da yake bakina ba ya iya faɗa maka. In na ɗauki zare na kasa zurawa, da wane ido zan dube ka? Gara a ɗauke keken ina cewa ni na ƙi, da a ce na gwada na kasa.”

Wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido. Wata da watanni ina zaune da matar nan ina zaton taurin kai ne, ashe ruwa ba ya tsami banza.

Malam Alli ya share maƙogwaro. “To shi ke nan. Dama na san za ki ƙi, don haka na fara da kaina. Tela ai ba wani abu ba ne, kowa ma zai iya.”

Ya zura hannu a jaka ya zaro wani abu ya ɗora mata a cinya. Jama'a, ban san da me zan kwatanta shi ba. Wai mai gajeren hannun nan ne. Kai ya karkace, auduga na leƙowa ta ciki, ƙafa ɗaya ta dubi gabas ɗaya ta dubi yamma.

Iya ta ɗaga shi da yatsa biyu. “Inna lillahi. Dutsen a kan wannan ya faɗo?”

“Ɗinkin hannu ne. Yara za su so shi.”

“Yara za su yi mafarki. Wa ya ce maka ana ɗinka baƙin yadi da farin zare? Dubi nan, tsakanin wannan ɗinkin da wancan akuya za ta wuce da ɗanta. Nan kuma ka soka sau uku a wuri ɗaya, kamar mai huce haushi. Ga ƙulli ka bari a waje. Nan zaren ma ya rabu biyu, ka ɗinka da sili ɗaya ka bar ɗayan yana…”

Ta tsaya.

“Yana me, Iya?” in ji shi. “Ni ban ga sili ba. Goggo, ke kin gani?”

Na leƙa. Tsakani da Allah sai da na ƙanƙance ido kafin na hango shi, siriri kamar gashin jariri.

Iya ta dube shi, ta dube ni. “Munafukai,” ta ce. “Ku biyun.”

Daidai nan aka yi sallama a bakin ƙofa. Mai gyaran keke ne, da igiyarsa a hannu ta ɗaure kaya. Na amsa, na ce ya shigo, don ba ni da ikon korar baƙon Iya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce ga shi ya zo kamar yadda ta aiko.

Malam Alli bai ko dubi mutumin ba. Ya zaro allura daga bakin aljihunsa da guntun zare, ya lashi bakin zaren, ya rufe ido ɗaya, ya soma cakar iska.

“Bari in gyara abina tunda an raina. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kai, wannan allurar ba ta da kafa.”

“Allura ce ba ta da kafa, ko kai ne ba ka da kai? Ka jiƙe zaren sharkaf kamar mai wanki. Wannan zaren ba kalar yadinka ba ne. Kawo nan!”

Ta fizge. Sai da allurar ta zo hannunta sannan ta gane abin da ta yi. Ba wanda ya yi motsi, har mai gyaran keke ya tsaya da igiyarsa.

“Auta, ɗaga labule.”

Na ɗaga. Ta datse bakin zaren da haƙori, ta murza shi, ta ɗaga allurar wajen haske. Ta kai zaren, ya goce ta gefe.

“Iska ce,” in ji Malam Alli. “Goggo ce ta yi numfashi.”

“Rufe min baki.”

Ta sake kaiwa. Zaren ya tsaya a bakin kafar, ya ɗan lanƙwasa, sai ga shi ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ta kama shi ta ja, dogo, har ƙarshen hannunta.

“Alhamdu lillahi,” in ji Iya. Ta sake faɗa, ta kuma sake, hawaye na bin kumatunta. Ni kam buɗa ce ta ƙwace min, ban san lokacin da na yi ta ba.

Mai gyaran keke ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. “Iya, in ɗaure keken?”

“Ka ɗaure wa? Tunda Allah ya kawo ka, buɗe shi ka zuba masa mai, ka duba bel ɗin. Ina da aiki. An ba ni kwangilar dodanni.”

Mutumin ya yi dariya ya ajiye igiya, ya ce dama shi ma hannunsa bai so ɗaukar keken nan ba. Iya ta sa na jawo buhun ƙyallaye, ta zazzage a tabarma, ta shiga zaɓe. Mai fure na mai ƙaho uku ne. Dogon wuya sai an haɗa ƙyalle biyu. Malam Alli ya miƙa hannu zai taya ta, sai ta cafke hannun rigarsa.

“Tsaya. Miƙo ɗayan.”

Ya miƙa. Ta jera hannuwan biyu ta duba.

“La'ilaha. Hannun dama ya fi na hagu tsawo. Aljihu ya karkace. Wuyan ma ba a tsakiya yake ba. Haka kake tsayawa gaban yara? Wane tela ne marar tsoron Allah ya yi maka wannan aika-aika? Faɗa min sunansa in aika masa da zagi.”

Na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ce, “Wata tsohuwa ce. Lokacin idonta ya fara hazo, ba ta gaya wa kowa ba. Ita ce riga ta ƙarshe da ta ɗinka kafin ta rufe kekenta. Ta ce in sa ranar da zan fara koyarwa.”

Iya ba ta saki hannun rigar ba. Ta juya kalmasar tana kallon ɗinkin, ta daɗe.

“Duk shekarun nan kake sa ta?”

“Duk mako.”

“Ba wanda ya yi maka dariya?”

“Kullum. 'Yan ajina ma cewa suke hannuna ɗaya ne ya fi tsawo.”

Dariya ta kama ta a tsakiyar kuka, har sai da ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi.

“Ka ci, ɗan nema. Yau kam ka ci ni. Allah ya yi maka albarka, ya ba ka mai yi maka abin da ka yi min. Dodanninka su jira, sabuwar riga zan fara ɗinka maka, kyauta. Tuɓe wannan in farke ta in gyara.”

“Sabuwar na karɓa, na gode,” in ji Malam Alli, ya janye hannunsa ya rungume ƙirji. “Wannan kuwa, amaryata, ko zare ɗaya ba za ki taɓa min ba.”